Lallen Barka da Lallen Jaje

Ranar da aka faɗi sakamakon zaɓen depite, wato 'yan majalisa, mu biyar ne a gidana nan Zongo. Akwai ni, Inna Ladi mai lalle. Akwai Hajiya Rakiya, matar Alhaji Sale wanda ya daɗe yana zaman majalisa a jam'iyyar da ke riƙe da mulki. Akwai Hajiya Mairo mai atamfa, wadda ƙanenta Bala ya tsaya a gefen 'yan adawa. Akwai maƙwabciyata Pogbi, Bamoshiya mai yaren Mosanci, mai sayar da wake da shinkafa, ita ce mai rediyo. Na biyar Isufu ne, direban Hajiya Rakiya, mutumin Nijar, shi yana zaure, don namiji ba ya shiga inda mata suka miƙe ƙafa.

Ni ban yi lakwal ba, makarantar bokon nan. Jikata ce ke rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mini magana. Ku nake yi wa, ku 'yan matan da kuka sayi robar zane a kasuwa, kuka kalli hoto a waya, kuka buɗe shago a unguwar Zogona kuna cewa kun iya lalle. Zane kuka iya, ban hana ku ba, wasunku ma hannunsu da kyau. Amma zane ƙaramin ɓangare ne na aikin. Babban aikin shi ne ki zaunar da mace babba, mai gida da bayi da baki, ta kasa tashi har sai ke kin ce ta tashi.

A wurin Gwaggo Delu na koya, yayar babana. Da aka kai ni hannunta ban taɓa ƙafar kowa ba sai da na gaji da turmi. Ganye za ta ba ni in shanya a inuwa, ba a rana ba, don rana tana shanye masa ƙarfi. In daka, in tankaɗe, ta sa yatsa ta murza garin, in ta ji tsaki ko ɗaya ta mayar mini cikin turmi. Daga nan ta koya mini kwaɓi: ruwan ɗumi, ɗan lemun tsami, a rufe a ajiye ya tashi. Kwaɓin da ya yi ruwa zai zarce layi. Wanda ya yi tauri zai bushe kafin ya kama. Ƙafar farko da ta bari na ƙunsa tata ce, kuma da aka kwance ta dube ta, ta ce, "To, gobe ma ki daka."

Zamanin Gwaggo ba sikoci, tef ɗin nan mai mannewa. Yanzu da shi muke fitar da ado: a manna shi a kan faranti, a yanka siri-siri da reza, a jera a gefen ƙafa da bayan hannu, a shafe da lalle, inda sikocin yake ya fito fari. Sai a naɗe ƙafa da sashe, wato leda, a ɗaure da tsumma, a kawo kaskon wuta kusa don ɗumi ke sa shi kamawa. Hannu kuwa har yau zunguru nake sa wa, doguwar ƙwaryar nan da ake zura hannu ciki har gwiwa. Guda huɗu na gada wurin Gwaggo, sun yi baƙi sun yi santsi. Kuna yi musu dariya, na sani. Macen da hannunta ke cikin zunguru ba ta sosa kai, ba ta gyara ɗankwali, ba ta latsa waya. Ku nuna mini sashen da zai yi muku wannan. In ja ya kama aka kwance, mai son baƙi sai a bi mata da toka da farin garin nan amoniyak, a sake rufewa kaɗan. Kuma doka ta farko a gidana, da zarar mace ta zauna nake kwashe takalmanta in kai ɗaki. Ba ta ganinsu sai na gama.

Wata amarya daga unguwar Wemtenga ita ta sa na tsananta dokar takalmi. An ƙunsa ta, ana cikin jira ta ji ƙarar moto, wato babur, a waje, ta ce angonta ne, ta zura silifa a kan ɗaurin ta leƙa. Lalle ya zame daga diddige ya taru a yatsu. Ƙafar ta fito kamar wadda ta taka miyar ja. To lalle ba riga ba ce da za a tuɓe. Sai ya ga dama yake barin fata, kuma duk inda ta je tambaya ɗaya ake yi mata: wa ya yi miki? Mai ɗinki in ya ɓata, a jefa rigar a akwati. Ni in aiki ya ɓaci, yawo yake yi cikin gari da sunana a kai.

Shekarar da ta gabaci zaɓen nan ita ce mummunar shekarata. Gari bai kwanta ba, yau a rufe kasuwa gobe a buɗe, mutane suka riƙa ɗage biki. Suna ma sai a yi shi da safe a watse. A daidai lokacin kuma baƙin ruwan kwalba ya shigo, wanda ake zanawa a wanke nan take, 'yan mata suka koma can. Garin lallena ya zauna a tukunya har ƙamshinsa ya mutu na zubar. Gida biyu ne suka riƙe ni: gidan Hajiya Rakiya da gidan Hajiya Mairo. Kowacce tana da 'ya'ya da ƙanne da ƙawaye, kuma inda ta miƙe ƙafa nan suke miƙewa. In na rasa ɗaya, na rasa rabin Zongo.

Su biyun nan taubasai ne, uban Rakiya da uwar Mairo ciki ɗaya. Tun suna 'yan mata ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, kowacce tana kiran 'yar'uwarta baiwa. Amma da aka fara yawon neman ƙuri'a, aka raba zannuwa iri biyu a unguwa, wasan ya tsaya cak. Sai gaisuwa daga nesa. Taubasan da suka koma gaisuwar mutunci, ku sani abin ya ɓaci.

Kafin ranar ƙuri'a ban sha wuya ba. An ce a buro, wurin jefa ƙuri'a, za a tsoma yatsa a tawada, kuma suna so su ga yatsan fes, don haka duk wadda ta zo na bar mata manuniya ba lalle. Mata suka yi ta yawo da yatsa ɗaya fari kamar an manta da shi. Wuyar bayan ƙuri'a ta zo. A Zongo mace ba ta karɓar 'yan barka da farar ƙafa. Hajiya Rakiya ta aiko Isufu: ranar sakamako tana son ƙunshi, don washegari gida zai cika. Kafin ya fita saƙon Hajiya Mairo ya iso, magana ɗaya. Kowacce ta tabbata ita za a yi wa barka. In na sa ɗaya da safe ɗaya da yamma, ta yamma za ta ce na zaɓi jam'iyya. Sai na ce da kowacce ta zo da hantsi, ban gaya mata da wa za ta zauna ba.

Mairo ce ta fara isowa. Na karɓi takalmanta, ta zauna ƙarƙashin rumfa. Da Rakiya ta shigo ta gan ta, sai ta ja ta tsaya.

"Inna, ashe kina da baƙuwa."

Na ce, "Ba ni da baƙuwa. Kawo takalman."

"Zan dawo in kin gama da ita."

"Kwaɓi ɗaya na yi, ba ya jiran kowa. Kawo takalman, Rakiya. Ni na yi miki lallen aure, ba yau za ki koya mini tsari ba."

Ta tuɓe. Na shimfiɗa musu tabarma ɗaya, don ita ce mai faɗi, suka zauna kowacce ta juya fuska gefe.

Aikin ranar ban taɓa yin irinsa ba. Ba zan gama da ɗaya in koma kan ɗaya ba, sai na riƙa karɓa-karɓa. Ƙafar daman Rakiya, don ita ce babba, sai ƙafar daman Mairo. Hagun Rakiya, hagun Mairo. Ado iri ɗaya na yanka musu, ban ƙirga ba, da ido na auna, kuma ina ganin kowacce tana satar kallon ƙafar ɗayar ko an fi ta layi. Pogbi ta sayar da wakenta ta shigo da rediyo, ta ajiye a kan turmi. Mutumin ciki yana karanta rezilta, wato sakamako, lardi bayan lardi da Faransanci, a hankali kamar mai tsince shinkafa, Pogbi tana juya mana da Mosanci, don ita 'ya'yanta sun koya mata lissafin nasara, wato na Turawa. Namu na babban birni bai zo ba tukuna.

Na koma hannu. Na sa hannun daman Rakiya a zunguru, na sa na Mairo. Na sa hagun Rakiya. Saura hagun Mairo kaɗai, na jera masa sikoci ina shirin shafawa, sai Pogbi ta ɗaga hannu ta ce mu yi shiru. Ta kanga kunne. Ta dubi tabarma, ta dube ni, ta rasa wadda za ta fara kallo.

Na ce, "Faɗi, Pogbi. Ba ke kika jefa ƙuri'un ba."

Ta ce masu mulki sun faɗi. Ba su sami rinjaye a majalisa ba, gwamnati za ta sauya hannu. A nan birni kujerun da suka ci ba su kai kan sunan Alhaji Sale a jerin 'yan takararsu ba. Na 'yan adawa kuwa sun kai kan Bala.

Mairo ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, har ta ja numfashi. Na dube ta. Ta haɗiye, sai kafaɗunta ke rawa. Ta yunƙura za ta miƙe, na danna gwiwarta na ce, "In kika taka ƙafar nan, da jirwaye za ki karɓi ministoci." Ta koma ta zauna. Mai murna ba ta da wuyar riƙewa, tana da gobe.

Rakiya ce aikin. Ba ta yi kuka ba, ba irinta ba ce. Ta ɗaga zungurun biyu sama ta ce, "Inna, kwance ni."

"Bai kama ba."

"Me zan yi da shi in ya kama? Lallen barka ne, barka kuwa ga mai ita nan. Kwance ni in tafi gidana." Ta ɗaga murya wajen zaure. "Isufu, tayar da mota."

Isufu ya amsa daga can, "To Hajiya." Muka ji bai motsa ba. Yaron nan yana da hankali.

Na ce, "Rakiya, yanzu in na kwance, launin ruwan goro za ki samu, rabi ya kama rabi bai kama ba. Haka za ki yi ta yawo da shi. Kina tsammanin gobe ba mai zuwa gidanki? 'Yan jaje sun fi 'yan barka kallon ƙasa. Mai barka fuska take kallo, mai jaje kuwa sunkuyar da kai take yi, ƙafarki za ta gani. Su fita su ce Hajiya ta gigice har ta tsere daga ƙunshi. Sannan su ce Inna Ladi ta gyara wa mai nasara, ta ɓata wa wadda ta faɗi. Ke kujera kuka rasa. Ni kuwa ba zaɓen da zai dawo mini da sunana."

"Ina takalmana?"

"Suna inda suke."

Ta fara goga zunguru a gwiwa tana neman zare hannu. Da ta zare, ba yadda zan yi, ba zan kokawa da matar mutane ba. Na riga na ga gidan nan guda ya fita daga hannuna. Sai wayarta ta yi ƙara cikin jaka.

Ta dubi jakar, ta dubi hannuwanta. Ni hannuna dumu-dumu da kwaɓi. Pogbi ta riga ta fita ƙofa tana ba 'yan layi labari. Hannu ɗaya ne mai tsabta a tsakar gidan nan, hagun Mairo. Wayar ta katse, ta sake ɗauka. Na ci gaba da juya kwaɓina. Mairo ta ja jiki a kan tabarma da ɗuwawu, ƙafafu a miƙe, ta zura hannu a jakar ta ciro. Ta ce, "Alhaji ne." Ta latsa, ta kanga wa Rakiya a kunne, ta kawar da kai kamar ba ta ji. Amma Alhaji Sale mutum ne mai murya, har Isufu a zaure ya ji shi.

"Hajiya, kin ji?"

"Na ji, Alhaji. Ga ni nan zuwa."

"Zuwa ina? An gama lallen?"

"Ba a gama ba."

"To zauna a gama. Ba kowa a gidan. Mutanen da suka karya kumallo a nan duk sun tsallaka gidan Bala, har da kujerun da muka yi haya. Mai shayi ma ya bi su da butarsa. Ni kwanciya zan yi, rabona da barcin rana tun da na shiga majalisa. Wa ya riƙe miki wayar?"

Rakiya ta dubi Mairo. Mairo ta juyo da wayar bakinta ta ce, "Ni ce, Alhaji. Sannu da haƙuri."

"A'a, gwamnati da kanta? To a gaishe da Bala. Ki ce masa kujerar tana da ƙusa a gefen hagu, ya zauna a hankali."

Ya kashe. Mairo ta mayar da wayar. Zufa ta gangaro wa Rakiya daga goshi ta shiga ido, tana ƙifce-ƙifce ba halin sharewa. Mairo ta kama bakin mayafinta ta share mata. Pogbi ta dawo da kofin zomkom, ruwan gero mai sanyi, Mairo ta karɓa ta kai mata baki, ta sha. Da ta sauke numfashi sai ta dubi Mairo sama da ƙasa ta ce, "Ashe dai baiwa baiwa ce, ko an ba ta ƙasa."

Mairo ta ce, "Sha a hankali, 'yar adawa. Yanzu ke za ki koyi jira."

"Mu da muka yi mulki da mota. Ku a moto za ku je majalisa, babbar riga tana kama iska."

"Motar ma ta wa ce? Isufu, gobe ka biyo ta gidanmu."

Isufu ya ce, "Ni dai inda aka ce in tsaya nake tsayawa, Hajiya."

Pogbi ta yi dariya har ta ture rediyo daga kan turmi. Ni ban yi ba, ina duban ɗaurin Rakiya ko ya motsa. Bai motsa ba. Na ƙara gawayi a kasko.

Hagun Mairo kuwa na bar shi a buɗe da gangan. Wayar Rakiya ba ta huta ba, ƙannenta, 'ya'yanta, ƙawarta ta unguwar Paspanga, kowa da jajensa, kuma duk Mairo ce mai ɗauka. Tata wayar tana ta kuka a ƙarƙashin cinya, ba ta kula ba. Sai da kira ya lafa na shafa mata na rufe, na kuwa san ba zai cim ma sauran ba. Ku da kuke cewa aikin ado ne, ga inda za ku tsaya ku yi tunani: wani lokaci sai kin bar hannu ɗaya ya ɓaci kafin ƙafa huɗu su tsira.

Bayan la'asar na kwance su, na bi da toka. Ƙafafun nan huɗu suka fito baƙi wuluk, adon fari tas, ba mai cewa ga ta mai mulki ga ta mai adawa. Hannuwan Rakiya sun yi. Daman Mairo ya yi. Hagunta ya fito fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara. Ta juya shi ta ce, "Inna, da wannan zan karɓi barka?" Na ce ta je, zan san abin yi. Na fito musu da takalma. Rakiya ta ce, "Shigo mota in sauke ki, kada a ce gwamnati ta taka ƙasa." Suka fita suna musun wadda za ta zauna gaba.

Na daɗe da daina zuwa gidajen mutane, gwiwa ta hana, kowa ya sani. Amma washegari da na yi sallar asuba na kwaɓa sabon lalle kaɗan a ƙaramar ƙwarya, na ɗauki zunguru ɗaya da sandata, na nufi gidan Hajiya Mairo. Ƙofa cike da motoci da kujerun haya. Na kutsa har ɗakinta. Tana zaune ta ɓoye hagu cikin mayafi, a gefenta kuwa Hajiya Rakiya ce, ta ci kwalliya, ta miƙe ƙafafu wajen ƙofa yadda duk mai shigowa sai ya tsallake su.

Na ce da Mairo, "Kawo hannun. Kawo takalman kuma." Na shafa, na zura a zunguru. Tana gaisawa da mutane da damanta, wayarta ta hau ƙara. Na ɗauka na ajiye a cinyar Rakiya na ce, "Yau ke ce."

Ta latsa ta kai kunne. "Alo. I, gidan sabuwar gwamnati ne. Tsohuwar ce ke magana, faɗi saƙonka."

Ni dai na sunkuya na kama diddigen Rakiya na juya shi wajen haske. Ya kama.